Dalilin da ya sa muke kai tsofaffinmu hoton ƙwaƙwalwa

Yaya, ka ce labari ya iso maka cewa mu da muka daɗe a Ingila, da zarar tsoho ya fara mantuwa sai mu garzaya da shi asibiti a ɗauki hoton kansa, har kana tambaya ko mun daina yarda tsufa daga Allah yake. Wallahi ba mu daina ba. Abin da zama ya koya mana shi ne, ba kowace mantuwa ce gigin tsufa ba.

Surukata ce ta buɗe mini ido. Tambaya ɗaya za ta yi sau biyar kafin la'asar, amma sunayen ƙawayenta na ƙuruciya tar take kawo su. Aka kwantar da ita cikin na'urar MRI, mai ɗaukar hoton cikin jiki, kusan rabin awa, ƙara kamar ana buga guduma, ina riƙe da ƙafarta don kada ta motsa. Da hoton ya fito likita ya juyo mana da allon, ya sa alƙalami kan wani ɗan yanki can ciki daidai saitin kunne, ɗaya dama ɗaya hagu. Hipokamfas ake ce masa, shi ke kama sabon abu ya adana. Na kowa yakan ɗan ragu da shekaru, amma cutar mantuwa ta Alzheimer tana gaggauta motsewarsa. Shi ya sa abin da ya faru da safe ke kuɓuce mata, na shekara sittin kuma yana nan daram.

Abin da ya fi tsaya mini a rai fararen ɗige-ɗige ne da suka watsu a hoton. Tabon ƙananan jijiyoyin jini ne, galibi aikin hawan jini da ciwon suga. Wannan kam akwai abin yi a kai, tun ranar muka daina sakaci da maganinta. Wani tsohon ma faɗuwa ya yi, jini ya taru a ƙarƙashin ƙoƙon kai, da aka cire jinin hankalinsa ya dawo.

Akwai kuma wani irin hoton da ake kira PET, wanda tun 2004 masana a birnin Pittsburgh na Amurka suka nuna yana gano amiloyid, sinadarin da ke taruwa a ƙwaƙwalwar masu cutar Alzheimer, tun mutum yana da rai. Yakan fara taruwa kusan shekara 20 kafin alama ta bayyana, wasu kuma suna ɗauke da shi hankalinsu garau. Don haka likita ba ya yanke hukunci da hoto kaɗai, sai ya haɗa da gwajin tunani da na jini, har da na bitamin B12.

In Baba ya fara maimaita tambaya, Yaya, don Allah a auna jininsa tukuna.