Faratan hawainiyata sun yi tsini, in yanke mata?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni mazaunin Daura ne, ina kiwon hawainiya a cikin kejin waya. Faratanta sun yi tsini har ta yakushi ƙanena a hannu, kuma wani maƙwabcinmu ya ce dafinta a farcen yake, in yi maza in yanke. Yau kuma na ga farce ɗaya ya cire, yatsan ya kumbura. Hankalina ya tashi. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ka kwantar da hankalinka game da ƙanenka. Hawainiya ba ta da dafi, a baki ko a farce. A wanke wurin da sabulu da ruwa, shi ke nan. Abin da ake tsoro a jikinta ƙwayar cutar salmonela ce mai jawo gudawa da zazzaɓi, wadda ake samu a jikin ƙadangaru da kunkuru, shi ya sa duk wanda ya taɓa ta sai ya wanke hannu kafin ya ci abinci.

Sai maganar yanka, kuma a nan zan daɗe, domin na gaji da jin ta. Don Allah kada ka yanke. Tsinin nan da ya dame ka, shi ne lafiyarta. Ka duba ƙafarta da kyau: yatsu biyar ne a haɗe gida biyu. A ƙafar gaba uku na ciki, biyu na waje, a ta baya kuma biyu na ciki, uku na waje. Da su take damƙe reshe, farcen kuma shi ke nutsewa cikin ɓawon itace ya riƙe ta. Dabba ce da galibin rayuwarta a kan bishiya take. In ka dakushe mata farata, sai ta riƙa zamewa tana faɗowa, daga nan sai karaya. Bayan haka, akwai jijiyar jini a cikin farcen, kuma a abu ƙarami irin wannan ba za ka gane inda ta tsaya ba. Ana kawo mana su an datse da reza ko almakashin masu yankan farce, jini ya zuba, a kuma ɗiga kananzir ko baƙin mai wai don ya tsaya. Haba jama'a! Wannan ƙona naman dabba ne kawai. Kuma a ganina mafarin abin ji-ta-ji-ta ce ta masu kasa busasshiyar hawainiya a kasuwa suna jingina mata asiri iri-iri. Mutumin da bai taɓa riƙe ta da rai ba, shi ne zai tsaya yana rantsuwa cewa a farce dafin yake. In ana so kada ta yakushi yaro, a daina ɗaukarta. Dama ba ta son taɓi, in ta yi duhu tana buɗe baki tana huci, a tsorace take.

Farcen da ya cire kuwa, kejin nake zargi. Idan babu isassun rassa, sai ta riƙa hawan ragar waya, farce ya maƙale a rami, ta fizge ya tumɓuke. Wanda ya fita daga tushe galibi ba ya sake tsirowa. Ka cika mata kejin da rassan mangwaro ko gwaba masu ɓawo, wasu sirara wasu masu kauri, waɗanda ba a yi wa feshi ba. Ban da tumfafiya, ruwanta guba ne. Ɓawon nan shi zai riƙa goge farcen daidai yadda ake so.

Ka kuma duba ko tsohuwar fata ce ta naɗe yatsan. Da hunturu iskarmu ta nan bushewa take ƙwarai, saɓa ba ta fita duka, sai ta shaƙe yatsa har ya mutu. Ka riƙa fesa ruwa a ganyayen safe da yamma, dama raɓar kan ganye take lasa, ba ta cika shan ruwan kwano ba.

Yanzu ka goge yatsan da aidin irin na Betadine da aka sirka da ruwa sosai. Amma tunda ya kumbura, ka kai ta asibitin dabbobi. Mugunyar irin waɗannan dabbobi daskarewa take kamar cuku, ba ta tsiyayewa da kanta, sai likita ya buɗe ya cire. Kada ka matse.

In ka ga riƙonta ya yi sanyi ko ƙafa ta lanƙwashe, to ƙashi ne ya yi laushi saboda rashin sinadarin kalsiyam da hasken rana. Ka riƙa barbaɗa garin kalsiyam a kan fara da gyaren da kake ba ta, ka fitar da kejin hantsi, amma da inuwa a gefe, domin ranar bazara a Daura kashe ta za ta yi. Hasken da ya ratso gilashin taga ba ya wadatar da ita.