Amsa: Da gaske Italiya ta taɓa riƙe Kassala?

Malam, ka tambaya ko gaskiya dattawanmu na Kassala ke faɗa, cewa Italiyawa sun taɓa mamaye garin, wanda ke gabashin Sudan. Gaskiya ce. Ranar 4 ga Yuli 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, suka ƙetaro daga Eritriya, wadda ke hannunsu a lokacin, suka kama shi. A Janairun 1941 suka janye, rundunar Janar Platt na Birtaniya ta bi sawunsu, yawancinta Indiyawa, tare da dakarun Sudan.

A Keren, wani gari a cikin Eritriya inda Italiyawa suka ja daga, aka ji jiki. Duwatsu ne dogaye, hanya ɗaya tak ta ratsa kwazazzabo, ita ma Italiyawa suka fasa dutse suka toshe ta. An yi makonni ana kashe juna, kuma yana damuna yadda aka manta da askarawan Eritriya da suka yi wa Italiya yaƙi suka mutu a can. Sai 27 ga Maris Keren ta faɗi, Asmara, babban birnin Eritriya, ta biyo baya 1 ga Afrilu.