Amsa ga mai tambayar ruwan sanyaya inji na tsohuwar Hiace

Salamu alaikum jama'a. Ɗan'uwa da ka ce tsohuwar Hiace ɗinka tana ɗaukar zafi a hanyar Marwa, ruwan famfo kake zuba mata, yanzu kuma mai shago ya jera maka likid, wato ruwan sanyaya inji, kore da ja da mai ruwan hoda ka rasa na ɗauka, wallahi ina karantawa gabana ya faɗi don abin da ya kusa raba ni da sana'ata ke nan. Tawa ma Hiace ce mai injin 3L mai shan gazuwal, wato dizal, Garwa zuwa Ngaundare nake yi.

Kar ka sayi kala don Allah, kala rini ne kawai, kowane kamfani da irin wanda yake sawa. Juya galan ɗin ka karanta bayansa. Sannan ka leƙa lagireto ɗinka, in na tagulla ne irin na da wanda ake liƙewa da dalma to ka tsaya kan ja na Toyota mai suna Long Life ko kuma koren nan na gargajiya, su ne suka san tagulla da dalma. Mai ruwan hodan nan Super Long Life na sababbin motoci ne masu lagireton alminiyam, wajen 2004 zuwa sama aka fara zuba shi, tsadarsa ba za ta amfane ka da komai ba. Kuma kar ka gauraya iri biyu, maganin tsatsar da ke cikinsu ba ɗaya ba ne, wani lokaci har kauri suke yi su toshe ƙananan hanyoyin ruwa.

Ni wani makanike ne ya cuce ni, ba zan kama sunansa ba, Allah Ya isa dai. Mutumin da nake kai wa mota tun ina yaron mota, muna cin abinci kwano ɗaya. Ya cire min termosta, abin nan da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto in inji ya yi zafi, bai faɗa min ba, wai a ƙasar zafi ba ta da amfani, ya kawo wani galan marar takarda ya ce likid ne na asali ya karɓi kuɗi masu yawa, ashe ruwan rijiya ne aka rina. Cikin watan Afrilu, zafin nan da ke wuce 40, ina hawan dutsen nan na bayan garin Mbe mota cike da fasinja, har da wata tsohuwa da 'ya'yanta za su kai ta asibiti, sai allurar zafin inji ta haye ja, kafin in samu gefen tsayawa tururi ya turnuƙe daga ƙarƙashin kujera, kun dai san inda injin Hiace yake. Mata na salati yara na kuka, ba inuwa ba ruwa, tsohuwar nan aka shimfiɗa mata zane a bakin kwalta tana nishi ni kuma ina tsaye ban iya haɗa ido da 'ya'yanta ba. Na mayar wa kowa kuɗinsa na tare musu wata motar. Da aka jawo ta gareji aka buɗe, kilas, wato kan inji, ya tsage, juwan, wato gasket ɗin da ke tsakanin kan inji da jikinsa, ya ƙone, abin da ya fito daga lagireto kamar kunun kanwa, fuka-fukan famfon ruwa duk tsatsa ta cinye. Bashi na ci na gyara, ga iyali ga kuɗin makarantar yara. Da na je wa makaniken nan da maganar ko haƙuri bai ba ni ba, cewa ya yi wai tuƙina ne, ni da ko baƙon fasinja ya san ba na takura wa inji. Har yau in na wuce ƙofar garejinsa sai na kau da kai.

To masu cewa mu nan ba ƙanƙara me za mu yi da likid, ku ji. Tsatsa yake hanawa, kuma ruwa zalla a digiri 100 yake tafasa, rabi da rabi kuwa sai wajen 107, in murfin lagireto mai lamba 0.9 a jikinsa yana riƙe iska da kyau sai ya wuce 120. Shi ya sa murfin ma ka canza shi, araha ne, robarsa in ta bushe duk likid ɗin duniya ba zai cece ka ba. In ka sayi mai kauri wanda ba a sirka ba, rabi likid rabi ruwa, kar ka ce bari in zuba shi zalla ya fi ƙarfi, zalla ba ya kwashe zafi kamar sirkakke. Ruwan sirkawa kuma tatacce wanda ake ƙara wa batir, amma ka tabbata ba mai asid ba ne aka miƙo maka. Ruwan rijiya da na burtsatse su ne ke barin farin dutsen nan a ciki.

Tunda ka daɗe kana zuba na famfo sai an wanke ciki sosai har ruwa ya fito fari kafin a zuba sabo, a bar inji ya yi aiki iska ta fita, Hiace tiyonta dogaye ne tana ɓoye iska, washegari da safe ka sake dubawa ka cika. Termosta kuma a mayar, ka tsaya a kansu ka gani da idonka an sa. Duk shekara biyu ka zubar ka sake.

Amma fa ɗan'uwa tunda ka ce tana zafi tun yanzu, likid kaɗai ba zai warkar da ita ba. Da safe inji na sanyi buɗe murfi ka tayar, in ka ga kumfa na tasowa ba tsayawa ko man inji ya koma fari-fari, juwan ya riga ya tafi, kar ka ɗau fasinja. A duba fanka ma, da ƙura da ciyawar da ke toshe gaban lagireto. Kar ka taɓa buɗe murfi da zafi, na ga yaron mota da fatar hannunsa ta saluɓe. Tsohon likid ɗin ma kar a bar shi a kwano a tsakar gida, zaƙi gare shi kuma guba ne, yara da awaki na iya sha. Ka turo mana hoton lagireton da bayan galan ɗin kafin ka biya kuɗi mu duba maka.