Amsa ga ɗan'uwa mai tambaya kan bayanin kayan aikin wakilin AI

Ƙanena, na ga tambayarka: ka haɗa wa wakilin AI, wato manhajar da ke karanta saƙo ta aikata abin da aka nema, kayan aiki shida (ƙananan shirye-shiryen kwamfuta da yake kira su yi masa aiki), yana ta ɗaukar wanda ba shi ba, kana son sanin yadda ake gane bayanin da ka rubuta ya yi kyau ko bai yi ba. Na sha wannan wahala a nan Damagaram, bari in gaya maka abin da na gani.

Ka fara riƙe wannan: wakilin ba ya ganin umarnin kwamfuta (code) da ka rubuta a cikin kayan. Abu uku kawai ake miƙa masa, sunan kayan, bayaninsa, da guraben da zai cike, waɗanda ake tsarawa da JSON Schema, wato ƙa'idar fayyace irin abin da kowane gurbi ke karɓa. Tun da OpenAI ta fito da wannan tsari a watan Yunin 2023, har zuwa MCP, ƙa'idar haɗa wakilan AI da kayan aiki, da Anthropic ta fitar a Nuwamban 2024, ginshiƙin bai canja ba. Abin da ka bari a cikin kanka, shi bai san da shi ba.

Bara na yi wa wani Alhaji mai sayar da hatsi a kasuwar Dole ɗan mataimaki da ke amsa wa masu saye ta WhatsApp. Bayanin da na sa wa kayan lissafi layi ɗaya ne: “Yana lissafa hatsin da kuɗi za su saya.” A idona ya wadatar. Sai wata baiwar Allah ta rubuto, “Gero tiya nawa zan samu da dala ɗari biyu?” Ni da kai mun san dala sefa biyar ce, wato jaka guda take nufi. Wakilin ya ɗauki 200 ya zuba a gurbin kuɗi, ya dawo ya ce mata ko tiya ɗaya ba ta samu. Wallahi ranar na ji kunyar Alhaji. Laifin kuma nawa ne, don ban faɗi a bayanin cewa gurbin sefa yake karɓa ba, ban ce idan an ambaci dala a ninka sau biyar ba, ban kuma bambance tiya da buhu ba. Mu da ke kusa da iyaka, har naira sai ka ce masa kada ya lissafa, ya tambaya tukun.

Daga nan na daina auna bayani da karatuna. Na koma cikin saƙonnin masu saye na gaske, na tsinto talatin da kurakuransu na rubutu da gaurayen Hausa da Faransanci, na rubuta a gefen kowanne kayan da ya kamata a kira da abin da za a cike. Duk lokacin da na taɓa ko kalma ɗaya a bayani, sai in sake gudanar da talatin ɗin duka, kowanne sau uku, don amsar wakili takan sauya ko da tambaya ɗaya ce. Ka sa har da saƙonnin da ba sa buƙatar kowane kaya, irin su gaisuwa, ka ga ko zai yi gaggawar kira.

Kafin wannan ma akwai gwaji mai sauƙi. Ka ba yaron shago da bai taɓa ganin aikinka ba bayanan shida a takarda, ka karanta masa tambaya, ka ce wanne zai ɗauka. Inda ya tsaya yana sosa kai, nan wakilin ma zai ruɗe.

Game da matsalarka kuwa, ina kyautata zaton kana da kaya biyu masu kama da juna. Ni ma ina da “duba_kaya” da “nemo_kaya”, har ni kaina nakan manta wanne ne wanne. Ko ka haɗe su, ko ka rubuta ƙarara a kowanne lokacin da ba za a yi amfani da shi ba, da sunan wanda za a koma wa. Kada ka yi rowar kalmomi, jimla uku ko huɗu ba su yi yawa ba.

Saƙon kuskure ma ka duba shi. In kayan ya dawo da “an samu matsala” kawai, wakilin zai yi ta maimaita kuskuren. Nawa yanzu cewa yake, “kwanan wata ya zama shekara-wata-rana”, sai wakilin ya gyara da kansa.

Turo mana bayananka shida nan, da saƙonni biyar da ya kuskure, mu duba tare in an sauko daga sallar isha'i.