Gilashin Zuƙowa na Farko ga Mai Sabuwar Kyamara

Malam, ka tambayi gilashin zuƙowa da ya kamata ka fara saya domin hotunan biki da na titunan Agege. Idan kyamararka ta tsarin APS-C ce, wato mai matsakaicin girman sensa (ɓangaren da ke ɗaukar hoto a cikin kyamara), ina ba ka shawarar gilashi mai lamba 18-135mm na Canon ko 18-140mm na Nikon, domin zai ɗauko dukan zaure, ya kuma zuƙo fuskar ango daga nesa ba tare da ka sauya gilashi ba. Rauninsa shi ne ƙarancin haske da daddare.

Idan za ka sayi na hannu a kasuwar Computer Village da ke Ikeja, ka haska cikinsa da tocila, saboda danshin Legas yana haifar da fumfuna mai kama da saƙar gizo-gizo.