Tambaya da Amsa: Komawa Zango Biyu a Makarantun Saudiyya

Tambaya: Assalamu alaikum. 'Ya'yana uku suna makarantar gwamnati. Tun da aka koma zango biyu kan iyayen unguwarmu ya rabu, wasu na murna, wasu na cewa karatu zai ja baya. Shin an rage kwanakin karatu ne? Daga wata uwa, Jidda.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ba a rage ba. A 2021 aka shigo da zango uku, kowanne mako 13. A watan Agustan 2025 majalisar ministoci ta amince a koma zango biyu, amma da sharaɗin kwanakin karatu ba za su gaza 180 a shekara ba. Rabon ne ya sauya, kayan suna nan yadda suke.

Masu murna suna da hujja, domin jarrabawar ƙarshen zango sau uku a shekara ta gajiyar da yara da malamai. Sai dai ga inda gizo ke saƙar. Zango ya yi tsawo, don haka darussan da jarrabawa ɗaya za ta ƙunsa sun ƙaru. Yaron da lissafi ya kuɓuce masa a mako na huɗu, idan ba a lura ba, sai ya isa jarrabawa da giɓin wata uku, musamman a darasin da kowane babi ke hawa kan na baya. A ganinmu wannan ya fi cancantar damuwar iyaye fiye da yawan zangon.

Kada ki jira sakamakon ƙarshe. Ki riƙa shiga Nur, manhajar ma'aikatar ilimi ta bibiyar sakamakon ɗalibai, duk ƙarshen mako, ki duba makin gwaje-gwaje da ranakun da aka rubuta wa yaro fashi. Ayyukan gida kuma suna Madrasati, dandalin karatu na intanet na ma'aikatar. Idan maki ya faɗi sau biyu a jere a darasi ɗaya, ki nemi ganin malamin a makon, ki tambaye shi takamaiman babin da yaron ya kasa, a maimaita masa shi minti 20 kullum kafin a ci gaba.

Ki kuma kula da kalanda. Makka, Madina, Jidda da Ɗa'if suna da damar tsara nasu ranakun saboda aikin Hajji da Umra, don haka hutunku zai iya saɓawa da na Riyad. Kafin ki yanki tikitin zuwa gida Najeriya ko Nijar, ki tabbatar da ranakun daga hukumar ilimi ta Jidda.