Na saya wa ƙanwata waya, me zan fara koya mata?

'Yar'uwa, kin ce kin saya wa ƙanwarki mai shekara 14 waya a kasuwar Farm Centre ta Kano, amma WhatsApp na ba ki tsoro.

Ki fara da lambobi shidan nan da WhatsApp ke turowa ta saƙo don tabbatar da lambar waya, kada ta ba kowa. Da su aka ƙwace WhatsApp ɗin ɗan yayata a Gwammaja, aka yi ta roƙon kuɗi da sunansa. Hoton da ba za ta nuna wa Umma ba, kada ta tura. A guruf kuma, ban da zagi.

Kada ki riƙa ƙwace wayar kan ƙaramin laifi, ɓoye-ɓoye za ta koya. In aka yi mata barazana da hotonta, kada ku goge saƙonnin, ku kai wa 'yan sanda.